Kwana Bakwai a Sandamu: Saniya Mai Jego

  Waɗansunku sun rubuto suna tambaya ko lafiya ba su ji ni ba makon jiya. Lafiya lau, tafiya ce ta kama ni zuwa ƙasar Daura. Goggona, ƙanwar mahaifina, wadda ke aure a wani ƙauye kusa da Sandamu, ita ta aiko in je in duba jikarta da ta ji ciwo. Na tafi da niyyar kwana biyu, na yi bakwai. Masu magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. To, 'yar'uwa, ki gyara zama, ga tsarabar da na kawo miki.

Hanya da gari

Daga Katsina na hau mota da sassafe ran Laraba, muka bi ta Mashi, tafiyar kamar mil 50, da hantsi muka shiga Daura. In ba ki taɓa zuwa ba, ki ƙoƙarta ki je ko da sau ɗaya ne. Nan ne tushen Hausa. Nan rijiyar Kusugu ta ke, inda labari ya ce Bayajida ya kashe macijin da ke hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a. An gina mata ɗaki, baƙi na zuwa su leƙa, har su sha ruwanta. Nan kuma fadar Mai Martaba Sarkin Daura ta ke, Alhaji Umar Faruk Umar, wanda aka naɗa a 2007. Ƙasarsa ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5, watau Daura, Sandamu, Mai'aduwa, Zango da Baure, dukansu cikin Jihar Katsina, wadda aka kafa a 1987.

Sandamu na kudu da Daura kaɗan, bisa hanyar da ta nufi Kazaure da Kano. Kafin ki cinye goro guda kin isa. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar sun haura 130,000, suna zaune a garuruwa irin su Fago da Karkarku da Rijiyar Tsamiya, da ƙauyuka da rugage masu yawa. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai yashi, ta gero da dawa da wake da gyaɗa. Ƙarshen bazara na je, ana sharar gona, ana duban gabas ko hadari zai taso. Ciyawa ta ƙare ƙaf. Ba abin da ke kore a fili sai gawo, itacen nan mai saɓa wa 'yan'uwansa, wanda ke yin ganye da rani ya kaɗe da damina. Za ki ga yara ƙarƙashinsa suna tsintar 'ya'yansa a buhu, gama abincin dabba ne mai kyau sa'ad da kome ya bushe.

Abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne shanu. Kusan kowane gida mai ɗan hali akwai turke, ga shanun huɗa biyu waɗanda ke jan garma da damina, su ja amalanke da rani. A bayan gari kuwa ga garkunan Fulani, yawancinsu Bunaji ne, fararen nan masu baƙin kunne da baƙin hanci, jefi-jefi ki ga Rahaji, jajaye masu dogon ƙaho. Mutanen ƙasar Daura ba su raina saniya, babbansu da yaronsu. Ko marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, wanda ya rasu cikin watan Yuli 2025 aka binne shi a gidansa na Daura, sa'ad da aka bayyana dukiyarsa a 2015 an lissafa shanu 270 a ciki. Mata ma na da nasu. Saniyar mace ita ce asusunta, ita ce kayan ɗakin 'yarta, ita ce kuma abin dogaronta ran da wuya ta zo. Ba banza aka ce nagge daɗi goma ba.

Abin da na tarar

Na iske yarinyar kwance a ɗakin Goggo, 'yar shekara 9, 'yar aji huɗu, hannunta na hagu a ɗaure, ga ƙujewa a gefen fuska. Ga yadda abin ya faru.

Goggo na da wata farar saniya. Tun tana maraƙa ta saye ta da kuɗin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tarin shekara uku. Yarinyar nan tare suka tashi, ita ke kai mata dusa, ita ke sosa mata wuya, har a ke yi musu ba'a a ce ƙawaye ne. Ran Talata da asuba saniyar ta haihu. Yarinya na dawowa daga makarantar allo ta ji labari, sai ta sheƙa a guje don murna, karen maƙwabta na biye da ita yana haushi. Ta durƙusa ta rungume maraƙin, ta ba uwar baya. Nan take saniya ta tsinke igiya, ta bangaje ta da goshi, ta taka mata hannu. Allah ya taƙaita, ƙaho bai same ta ba, kuma yayanta na kusa, ya daka tsawa ya janye ta. Aka kai ta asibiti, aka ɗauki hoton hannun, aka ce ƙashin ya tsage amma bai rabu ba.

Ciwon hannu da sauƙi. Wanda ya fi shi zafi shi ne wanda na tarar tsakanin Goggo da maigidanta. Shi ya ce ba ya ƙara zama da makashiya a gida, ran Lahadi sai kasuwar Mai'aduwa. Kin san kuwa sayar da saniya mai ɗanyen jego a ƙarshen bazara, tana rame, ga jinjirin maraƙi, asara ce tsagwaronta. Dukiyar Goggo ce, ba mai musun wannan, amma ba ta son ta ja da mijinta a kan dabba alhali jikarta na kwance. Da dare na ji ta ce masa, “Malam, a yi haƙuri a ba ta kwana bakwai. Ni ma da na yi haihuwar fari, kwana nawa na yi ba na son kowa ya taɓa mini ɗa?” Shi kuwa ya ce, “Watau kin fi son saniya da jikarki ke nan.” Goggo ba ta ƙara cewa kome ba, amma na ga ta share ido da bakin mayafi.

Da safe aka shirya a kan a kira wani dattijon Bafillace mai ruga a bayan gari, wanda shanunsa ke kwana a gonar gidan da rani don taki. Kowa Baffa ya ke ce masa. Ya zo da sandarsa, ya tsaya nesa da turke, ya daɗe yana kallon saniyar yana yi mata magana a hankali. Kana ya juyo ya ce, “Haihuwarta nawa?” Goggo ta ce, “Uku, Baffa.” Ya ce, “Ta taɓa tunkuyin wani?” Ta ce, “Ko sau ɗaya.” Ya ce, “Wa ya shigo da kare?” Kowa ya yi shiru. Sai ya dubi maigidan ya ce, “Malam, ranar nan nagge ba ta ga jikarka ba. Kare ta gani, da hannu bisa ɗanta. Jego ne. A bar ta zuwa Asabar mu gani.”

Me ke sa saniya ta sake hali?

Ke da kanki kin san kaza mai 'ya'ya. Kazar da ki ke kora da tsintsiya kullum, ran da ta ƙyanƙyashe sai ta baza fukafukai ta yo kanki. To, haka saniya ta ke, sai dai kazar gida da ƙyar ta ke kai kilo 2, saniya kuwa ta kan kai kilo 300, ga ƙaho ga kofato.

Masana dabbobi sun bincika sun gano cewa lokacin haihuwa jikin saniya kan zuba waɗansu sinadarai cikin jininta. Su ke kawo naƙuda, su ke sauko da nono, su ne kuma ke cusa mata son ɗan da kishinsa. Cikin sa'o'in farko tana lasarsa tana haddace ƙanshinsa da muryarsa, da haka za ta gane shi ko cikin maruƙa ɗari. Kakanninta a daji suka rayu, tsakanin kura da zaki, wadda ba ta kare ɗanta ba kuwa ba ta bar baya ba. Don haka duk abin da ya matso kusa, musamman mai ƙafa huɗu da haƙora, kura ne a wurinta. Zafin abin ya fi yawa cikin kwana 2 ko 3 na farko, sa'an nan ya riƙa sauka. Shanunmu masu tozo an san su da tsananin kula da ɗa fiye da shanun madara na Turai. Shi ya sa ki ke ganin yawancinsu ba su sakin nono sai an bar maraƙi ya fara tsotsa.

Kada ki ɗauka wannan sakaci ne namu na mutanen ƙauye kaɗai. A Ingila, inda a ke da shinge da kayan aiki iri iri, hukumar da ke lura da haɗarin wuraren aiki ta ce shanu kan kashe mutum 4 ko 5 kusan kowace shekara. Cikin masu wucewa ta gona da abin ya rutsa da su, yawanci akwai kare tare da su, shanun kuma masu 'ya'ya ne. Shawarar da a ke ba su can ita ce, in shanu suka taso, mutum ya saki igiyar karen, gama kare ya fi mutum gudu, kuma shi su ke nema.

Akwai wata mace a Amurka, Farfesa Temple Grandin ta Jami'ar Jihar Kolorado, wadda ta ƙare ƙuruciyarta wajen nazarin halin shanu, har ta kan durƙusa ta bi ta hanyar da a ke kora su don ta ga abin da su ke gani. Abin da ta koyar ya yi daidai da na Baffa, ko da ya ke ba su taɓa jin labarin juna ba. Idanun saniya a gefen kai su ke, tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita ba sai ta juya ba, ban da abin da ke daidai bayan wutsiyarta. Wanda ya ɓullo mata ta nan ya razana ta. Ba ta iya auna nisan abu sosai, don haka abin da ya zo da gudu ya fi ba ta tsoro. Kunnenta ya fi namu ji, ihu da ƙara na tayar mata da hankali. Tana kuma riƙe duka a rai, wadda aka saba jibga ta fi saurin faɗa. Maganar da a ke yi cewa jan zane ke fusata shanu kuwa ba ta da tushe. Kaɗawar zanen ce ke tsokanarsu, kowane launi ne.

Haihuwar da na gani

Ran Juma'a da hantsi Baffa ya aiko ɗansa, ya ce in Malama na son gani da ido, ga wata karsana na shirin haihuwar fari. Muka tafi ni da Goggo. Matarsa, wadda a ke kira Inna, ta tsai da mu bayan shingen ƙaya, kamar taki ashirin daga wurin, ta ce mu yi ƙasa da murya.

Ita ta nuna mini alamun da a ke dubawa. Hantsa ta cika ta yi tam. Gaban saniya ya kumbura yana zubar da yauƙi. Jijiyoyin nan biyu na gefen gindin wutsiya sun saki, har wurin ya lotsa, wannan kuwa alama ce cewa haihuwa ba ta wuce yini ko kwana guda. Karsanar ta ware daga garke, ta ƙi kiwo, ta kwanta ta tashi, wutsiya a ɗage. Wannan naƙudar farko kan ɗauki sa'a 2 zuwa 6, ta karsana ta kan fi haka.

Kusan azahar faya ta ɓullo ta fashe. Can sai ga ƙafafun gaba biyu, kofato na duban ƙasa, da ɗan hanci bisansu. Inna ta ce, “Alhamdu lillahi, ya zo daidai.” Ni kuwa hankalina ya tashi ganin yadda ta ke nishi, na ce, “Inna, ba za a taimake ta ba?” Ta ce, “'Yar nan, taimakonta shi ne a ƙyale ta.” Ba a yi sa'a guda ba maraƙi ya faɗo. Uwar ta miƙe, ta juyo, ta sunsune shi, ta ja da baya kamar ta ga abin tsoro, kana ta soma lasa. Kafin la'asar ya miƙe yana tangaɗi, ya sami nono.

Sai bayan wannan Baffa ya matsa, shi da ɗansa. Ya zo ta gefen kafaɗarta yana kiran sunanta, ɗan kuma ya ajiye mata ruwa da dusa a gaba. Ta sunkuyar da kai ta yi huci, Baffa ya tsaya cik, bai matsa ba bai kuma juya baya ba, har ta sa baki cikin dusa. Sa'an nan ya duba cibiyar maraƙin, idonsa na kan uwar, maraƙin na tsakaninsu. Bai yi minti biyu ba ya ja da baya.

Ki lura, akwai lokacin da ƙyalewa ba ta da amfani. In faya ta fashe aka yi sa'a 1 saniya na yunƙuri ba abin da ya ci gaba, ko sa'a 2 ga karsana, ko aka ga ƙafa ɗaya kaɗai, ko kai ba ƙafa, ko wutsiya ce ta fara leƙowa, to, a nemi malamin dabbobi ko gwanin makiyayi maza-maza. Kada a tara ƙarti a ja da ƙarfi, a kan yaga uwa a kashe ɗa.

Dokoki bakwai na turke

Ga abin da na tattara daga bakin Baffa da Inna da littattafan masana. Ki karanta wa mutanen gidanku.

Na ɗaya, a shirya wuri tun kafin ranar. Cikin saniya kwana 280 zuwa 290 ne, watau wata 9 da mako 2 ko 3 a lissafin watan sama. A share wuri mai inuwa, a kewaye shi da danga mai ƙofa, a sake igiya in ta tsufa, a duba turke ko gara ta ci shi.

Na biyu, yara ba su shiga sai bayan kwana bakwai, ko da su suka raine ta. Sabo ke ruɗin mutane. Wadda aka sani da faɗa kowa na kaffa-kaffa da ita, mai sanyin hali ita ke shammatar gida.

Na uku, a nisanta kare. A kwashe mabiyiya a binne da zurfi, gama ƙarninta ke jawo karnuka.

Na huɗu, kada ki shiga tsakanin uwa da ɗa, kada ki durƙusa ki ba ta baya. In dole ne a taɓa maraƙi, a fara ɗaure uwar gajere a turke mai ƙarfi, ko a fito da shi bayan danga inda ta ke ganinsa.

Na biyar, kada mutum ɗaya ya shiga. Ɗaya na aiki, ɗaya na tsaye da sanda yana kallon saniya. Kafin ki shiga ki san ta inda za ki fita. Mai ciki, da mai goyo a baya, da tsohuwar da ba ta iya sauri, su tsaya waje.

Na shida, ki zo ta gefen kafaɗa, a hankali, kina magana. Ki tuna saniya na harbi gaba da gefe, ba baya kaɗai ba.

Na bakwai, ki san gargaɗinta. In ta kafe ki da ido, ta sunkuyar da kai tana kaɗa shi, tana huci, tana tonon ƙasa da ƙafa, ko ta gicciya ta nuna miki faɗin jikinta, ta gama magana ke nan. Ki ja da baya sannu, fuskarki na dubanta.

Akwai aiki biyu da ba a fasa su don tsoron uwa. Na farko cibiya, a tsoma ta cikin aidin, ban da toka ko kashin shanu. Na biyu dakashi, watau nonon farko mai kauri. Ɗan mutum na samun kariya daga cututtuka tun yana ciki, ta hanyar mahaifa, amma maraƙi haihuwarsa a ke yi ba shi da ita, sai ta dakashi ya ke samu. Hanjinsa na karɓar kariyar nan sosai cikin sa'a 6 na farko, bayan kwana guda kuwa ƙofar ta rufe. Don haka in karsana ta ƙi ɗanta tana harbinsa, kamar yadda masu haihuwar fari kan yi don ruɗewa da zafin hantsa, a ɗaure ta, a dabaibaye ƙafafun baya, a riƙe shi ya sha. Bayan kwana biyu ko uku yawancinsu kan karɓa. Tun da zance ya kawo mu nan, ke ma mai jego kada ki matse dakashinki ki zubar. Likitoci sun ce a sa jariri a nono cikin sa'a ta farko.

In ba jego ba ne fa?

Ba kowane faɗa ne na kishin ɗa ba. Wani na ciwo ne. In hantsa ta kumbura ta yi zafi, nono na fita da gudaji ko jini, saniya za ta harbi duk mai taɓa ta, har ɗanta. In mabiyiya ta kwana ta yini ba ta faɗo ba, alhali ta kan faɗo cikin sa'a 12, a kira malamin dabbobi. Kada a ja ta, kada a ɗaura mata dutse.

Wanda ya fi duka haɗari shi ne ciwon haukan kare, gama saniya ma na kamuwa in mahaukacin kare ya cije ta. Alamarsa, ta riƙa kuka ba ƙaƙƙautawa da wata irin murya, miyau na dalala, ba ta iya haɗiya, tana kai wa kome tunkuyi, har itace. Mutane kan zaci wani abu ne ya maƙale mata a wuya su zura hannu cikin bakinta. Kada a yi haka. Wanda miyaunta ya taɓa masa rauni ya wanke da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi asibiti ran nan don allura. Ciwon nan in ya bayyana a jikin mutum ba a tashi.

Sai kuma bakkale, ciwon da ke sa shanu ɓari. Wani likitan dabbobi na ƙasar Denmak mai suna Bernhard Bang ya gano ƙwayarsa cikin shanu a 1897. Tana cikin ruwan haihuwa da mabiyiya da ɗanyen nono, tana kuma kama mutum, ta sa masa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin sauro a banza. Mai kwashe mabiyiya ta sa hannu cikin leda, ta wanke da sabulu bayan ta gama. Madara kuwa a tafasa ta kafin a sha ko a kwantar.

In tsautsayi ya faɗa, saniya ta tunkuyi mutum ko ta taka shi a ciki ko ƙirji, a kai shi asibiti ko da ba a ga jini ba, gama jini kan zuba ta ciki. In ƙaho ya huda, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a nemi allurar tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki. Ƙahon da ke tonon ƙasar turke ba abin wasa ba ne.

Ran Lahadi

Ran Asabar da safe, kwana huɗu ke nan da haihuwa, Baffa ya komo. Ya sa Goggo ta zo ta gefe da ƙwaryar dusa tana kiran saniyarta. Aka saki maraƙi ya tsotsa, aka ɗaure shi kusa da ƙafar uwar ta gaba, aka dabaibaye ta baya. Goggo ta tsuguna ta tatsa. Saniya na tuƙa tana lasar ɗanta, ko kai ba ta ɗaga ba. Maigidan na tsaye bakin zaure yana kallo, bai ce uffan ba.

Ran Lahadi da asuba dillali ya yi sallama da igiyarsa. Muna ɗaki muka ji Malam ya ce masa, “A bar ta tukuna.” Kafin azahar shi da kansa ya sari itace, ya kafa danga kewaye da turke, ya yi mata ƙofa mai sakata a sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Da yamma ya aiko wa Goggo da goro. Ke matar aure kin san fassarar wannan.

Amma fa akwai saniyar da ta tafi Mai'aduwa ran nan, ta wani maƙwabci. Ita kowace haihuwa sai ta kori mutane, har mai ita, ta kan yi wata guda ba ta sauko ba, bara ma ta yaga wa wani yaro cinya. Baffa da bakinsa ya ce a sayar wa mahauta, kuma kada a ajiye 'yarta don iri, gama hali na bin jini, ɗa kuma na koyi da uwa. Masana ma haka suka ce. Ya ƙara da cewa a faɗa wa mai saye aibinta, kada a kai wa wani gida bala'i a karɓi kuɗi. Ga ma'aunin ke nan, 'yar'uwa. Wadda ta yi sau ɗaya, da dalili, ta kuma sauko cikin mako, a gyara mata wuri a riƙe ta. Wadda ta mai da shi sana'a, nononta bai kai ran ɗa ba.

Ran da zan taho, Goggo ta kama hannun yarinyar mai lafiya, ta kai ta bakin danga. Da fari ta noƙe tana ɓuya bayan kakarta. Can ta miƙa harawa ta saman danga, saniya ta matso ta sunsuna, ta karɓa. Na ba ta littafin rubutu guda, na ce aikinta ne ta riƙa rubuta ranar da sa ya hau kowace saniya, ta ƙidaya kwanaki, ta gaya wa manya in lokaci ya matso, ta kuma rubuta yadda kowace ta yi a jegonta. Ku 'yan makaranta, ga aikin da za ku iya yi wa iyayenku tun yau da ilminku. Ta tambaye ni, “Anti, mace na zama likitar dabbobi?” Na ce ƙwarai kuwa, ana koyar da shi a jami'a a Zariya da Sakkwato, mata na shiga suna fitowa.

Na baro Sandamu da kwalbar man shanu da ƙullin daddawa, an yi yayyafin farko a daren, ƙasa na ƙanshi, manoma sun fito da garma. Allah ya ba yarinya lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da tsautsayi, mu da 'ya'yanmu, amin. Wadda a ke kiwo a gidansu, ta kuma san wata dabara da ban ambata ba, ta rubuto mu ƙaru da juna. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.